Kada Baba Ya Sayar da Gonar Dogarawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara lafiya. Ni ne Ilyasu ɗan Dogarawa, daga Monriyal ta Kanada, inda nake wanke-wanke a gidan abinci.

Ƙanena Sani ya matsa wa Baba ya sayar da gonarmu, wai don shi Sani ya sami kuɗin biyo ni. Tun da na ji, ko zama na kasa. To Sani, saurara.

Muna aiki da mutum biyu. Ɗaya ɗan Shili ne, ta Kudancin Amurka. Mutanensu sun daɗe nan, duk Lahadi suna haɗuwa su ci abinci, kowa ya ja ɗan'uwansa wurin aiki. Ba masu arziki ba ne, amma ba a barin baƙonsu da yunwa. Ɗayan ɗan Rumaniya ne, injiniya, bara ya zo. A karatu ya fi mu duka, amma an ƙi takardunsa. Ya ce mini, "Ilyasu, a gida gada nake ginawa, nan tukunya nake kankarewa." Ban ce kullum haka 'yan Rumaniya za su zauna ba, masu ƙoƙari ne. Amma yau wanda ya tarar da dangi ya fi mai takarda.

Kai Sani, ba takarda, ba dangi sai ni, ni kuma ɗakina aro ne.

Mai gabatarwa, Baba bai yi lakwal ba, bai iya karatun boko ba. Sani ke karanta masa saƙona, yana tsallake inda bai yi wa shi Sani daɗi ba. Shi ya sa na biyo ta rediyo. Baba, ina gaishe ka. Wanga karo ka ji duka.