Kantin "Ya Ƙare"

Mai kanti na zaune a bencin tasha yana jiran motar kayansa, sai wata dattijuwa ta dire jakarta kusa da shi tana haki.

"Sannu, Inna. Daga ina haka?"

"Daga kantin 'Ya Ƙare', ɗan nan. Wancan na kan kwana mai shuɗiyar ƙofa."

Kantin nasa ne, amma ya dake. "Ai na ji an ce babu kanti mai kaya kamarsa."

"Kaya kam, ma sha Allah! Laima har rufi, sai ka ce ruwan ɗufana ake jira. Madarar gwangwanin da ke kan kanta kuwa ta girmi jikata. Amma ka ce sabulu, ya ƙare. Gishiri, ya ƙare. Ashana, sai jibi."

"Wataƙila mai shi yana kwasowa da yawa ne in ya samu araha. Dabarar kasuwa ce."

"Babbar dabara kuwa! Ɓeraye ma suna sa masa albarka. Ni matarsa da ke tsaron wurin nake tausayi. Ta ce kullum tana gaya masa abin da mutane ke nema, shi kuwa sai ya ce ina mace ta san sarin kaya."

Ya gyara zama. "Ita ta faɗa miki haka?"

"Da bakinta, a kantin tsallaken titi. Ai can muke haɗuwa, in ta je sayen sabulun da za ta wanke masa riguna."