Lamba Ɗari Uku da Goma Sha Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Jami'a, Shugabar Asibitin Koyarwa, malamai da likitoci, Baffa, yayan marigayi, Hajiya, maiɗakinsa, Auta da yayyenta, da dattawanmu na asibitin Laraba da kuka cika layin gaba, sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Ni ba malami ba ne. Ni ne mai ɗibar jini a ɗakin gwaje-gwajen Farfesa, shekara ashirin da biyu. Da aka ce ni zan yi magana, na ce a nemi wani, don har yau zuciyata ba ta yarda ba. Ranar Litinin da hantsi muna tsaye gaban firiza, yana karanto lambobin kwalabe ina rubutawa. Ya ce arba'in da bakwai, sai ya yi shiru. Ina ɗago kai na ga kwalbar ta suɓuce masa. Kafin mu kai shi sashen gaggawa, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe a kansa. Shekararsa hamsin da huɗu. Rigar aikinsa na nan rataye a bayan ƙofa, mun kasa taɓa ta.

Ya kasance mai sauƙaƙa abu mai wuya. Ɗalibai suna ce masa Mai Tsatsa, kuma yana amsawa. Yakan yanka tuffa ya ajiye a tebur, kafin ya gama darasi ta yi duhu. Sai ya ce haka iskar da muke shaƙa take yi mana: jiki yana ƙona abinci da ita, tana barin wani abu mai cin ƙwayoyin jiki kamar tsatsa, kuma ƙwaƙwalwa ta fi kowace gaɓa shan iskar nan. Jiki yana da masu share ɓarnar, amma da tsufa sukan gaji. Tuffar kuwa, ba a taɓa sanin ɗalibin da ke cinye ta ba.

Ya kasance mai girmama tsofaffi. Tun da mahaifiyarsa ta dube shi ta tambaye shi ɗan wane ne shi, ya buɗe mana asibitin Laraba. Ya kasance mai durƙusawa ya ɗaura wa dattijo igiyar takalmi, yana yi masa faɗan rashin barci da zaman wuri ɗaya.

Akwai abin da na riƙe kusan wata biyu. Jiya na faɗa wa Hajiya, ta yi kuka, ta ce in faɗa a nan.

Auta, ki saurare ni. Ranar da kika karɓi digirinki kin yi ta duba kujerar babanki, bai zo ba. Aka same shi a ɗakin gwaji yana aiki. Na san tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa ku. Washegari ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Ya ce ya rubuta lokacin taron a tafin hannunsa don kada ya manta, sai ya wanke hannu zai sa safar aiki, rubutun ya tafi, ranar ma ta tafi. Ya miƙo mini takardar gwajin da muke yi wa tsofaffi, ya ce in karanta masa kalmomi biyar, in tambaye shi bayan minti biyar. Biyu ya tuna. Na ce gajiya ce, mu sake.

Ya ce, "Rubuta biyu. Kada ka yi mini kara."

Ya naɗe hannun riga na ɗebi jininsa, ya sa kansa cikin binciken da muke yi kan mantuwar tsofaffi a lamba ɗari uku da goma sha biyu. Na roƙe shi ya faɗa miki. Ya ce zai faɗa, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa an tabbatar. Sannan ya ce, "Bar ta ta ƙara wata biyu tana fushi da uba mai lafiya."

Ko mantuwar da fashewar jijiyar suna da alaƙa, likitoci sun ce ba su sani ba. Abin da na sani shi ne, ranar nan kaɗai na taɓa ganin hawayen Farfesa, kuma sunanki yake kira. Baffa, Hajiya, ku yafe mini shirun da na yi.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Dattawanmu, Laraba mai zuwa ƙofa a buɗe take, ƙarfe takwas.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalinsa juriya. Allah ya bar mu da hankulanmu har ranar da za mu bi shi. Amin.