Tagar da na toshe wa Inna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gajiya? Garba ne daga Dakko, hankalina a tashe yake.

Tun da aka sako ruwan madatsar Bakolori ta bayan gidanmu sauro ya hana mahaifiyata sakat. Na kwaɓa laka na toshe tagar ɗakinta, har ta sa mini albarka. Yanzu ba iska, sai lema, hunhuna ta cinye bango har tabarmarta, tari ba ya barinta ta ƙare Fatiha.

Jiya na ɗauko gatari zan fasa lakar, ta tare ni: "Kul, Garba! Tari na iya da shi, sauro ne ban iyawa."

Jama'a, ku ba ni shawara. In buɗe tagar in saɓa mata, ko in zauna ina sauraron tarin da hannuna ya jawo mata?