Murfin Fankar Injin Markaɗe

A wata rumfar kayan inji a Zongo, wata mata ta sa aka dire injin markaɗenta gaban mai gyara.

"Malam, ya mutu ko? Minti goma sai ya ɗau zafi ya tsaya."

"Hajiya, ina murfin fankar?"

"Ni na cire shi, don ya sha iska."

"Ai murfin ne ke kora iskar zuwa cikin injin! Lafiyarsa ƙalau, a mayar da murfin kawai."

"Alhamdu lillahi! Ni kuwa sati biyu ba na amsa gaisuwar ƙanena, na ce ruɓaɓɓe ya sayo min daga Godomey."

"To murfin yana gida?"

"Yana nan. Kajina ke cin dusa a ciki."

"Kaji dai za su haƙura, Hajiya. Ƙanen naki ne ban sani ba."