Yatsu Takwas a Kan Gwiwa

Ana tsakiyar yaƙin basasa, a bencin shagon mai hoto da ke bakin unguwar Mokola, Iya Azumi ta lura sojan da ke gefenta bai fitar da hannun dama daga aljihu ba.

"Iya, me ya sa a hotunan bangon nan kowa ya baje hannuwa a gwiwa?" in ji sojan.

"Don na gida su ƙirga yatsu mana, ɗan nan. In sun ga goma cif, hankali ya kwanta."

"In mutum ya sa ɗaya a aljihu fa, irin na 'yan boko?"

"Wa za ka aika wa?"

"Tsohuwata, a Kano."

"Kul! Haka ɗana Haladu ya aiko mini daga bakin daga. Har yau ban sani ba, gayu ne ko hannun ne babu."

Sojan ya zaro hannun. Yatsu uku suka rage.

"Wannan zan nuna mata?"

"Oya, soja, shigo!" mai hoto ya kira daga ciki.

Iya Azumi ta riƙo hannun rigarsa.

"Baje shi a gwiwa. Gara ta yi kukan yatsu biyu da ta kwana kukan hannu guda."