Kyamarar da Za Ta Zo a Cikin Tabarau

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Hafsa ce daga Suwaidi a Riyadh.

In ana biki, ni ke tsayawa ƙofar zauren mata ina karɓe wayoyi, don su cire abaya su sake, ba mai ɗaukar su hoto. Jiya maigidana ya kai kafilinsa, wato ubangidan da yake wa aiki, shagon kyamara, ya dawo yana ce mini, "Wai an kusa fito da wadda ke cikin tabarau, tana ɗaukar bidiyo ba wanda ya sani."

Matan nan don sun yarda da ni suke buɗe kai.

Ku ba ni shawara, Malam. In uwar amarya ta zo da tabarau na asibiti, in ce ta cire ta shiga da lalube?