Malamin Tuƙi da Saniyar Moriki

A tashar Ƙaura Namoda, Mainasara ya gyara hannunsa mai ɗori, ya dubi dattijon da ke jiran motar Shinkafi kusa da shi.

"Baba, ga Shari'a ta zo, amma direbobi ba su ji tsoron Allah ba. A ofishinmu ni ke koya wa ma'aikata tuƙi a hankali."

"Madalla, Malam. Mi ya samu hannun?"

"Saniya ce ta faɗo mini titi wajen Moriki."

"Farar mota, ranar Talata?"

Mainasara ya gyaɗa kai.

"Ashe kai ne! Saniyar tawa tana ɗaure a gindin tsamiya, nesa da titi. Halan ita ma darasin tuƙi ka bi ta har can ka koya mata?"